Kundin Aikin Sabon Tafkin Kadoji a Kaduna

9 ga Oktoba, 2023

Yau aka damƙa mini aikin gyaran mazaunin kadoji na wannan ƙaramin gandun namun daji da ke bayan garin Kaduna, kuma na ƙudurta rubuta duk abin da ya gudana, mai daɗi da marar daɗi, domin wanda zai gaje ni ya tarar da abin dubawa, tun da ni ko takarda guda ban tarar ba. Abin da ke ƙasa shi ne ramin siminti mai tsawon mita 9 da faɗin mita 6, bangonsa a miƙe kamar na rijiya, ruwansa kore shar saboda gansakuka, sai wani ɗan dandamali a kusurwa wanda rana ba ta sauka a kansa sai wajen ƙarfe 11, saboda wata ƙatuwar bishiyar mangwaro da ta tare gabas. Kadoji huɗu ne a ciki: babban namiji, mata biyu, da wani ƙarami da masunta suka kawo bara bayan ya faɗa komarsu.

Dattijon da ya daɗe yana ba su abinci, wanda kowa a nan ke kira Baba, ya ce sau biyu yana tsintar ƙwai a cikin ruwa, duk sun lalace. Ban yi mamaki ba, domin macen irin wannan kada rami take tonawa a yashi ta binne ƙwanta, to ina za ta tona a kan siminti? A garin da ya samo sunansa daga kadduna, wato jam'in kada, wannan rami abin kunya ne.

30 ga Oktoba, 2023

An fara haƙa. Tsarin da muka tsayar shi ne tudu ya fi ruwa yawa, abin da ya ɗaure wa magini kai, domin a ganinsa dabbar ruwa ruwa take so. Na yi masa bayani cewa kada ba ya samar wa jikinsa ɗumi kamar akuya ko kaza. Daga rana yake samu, a ruwa yake ragewa, saboda haka wunin kada duka zirga-zirga ce tsakanin wuri mai zafi da wuri mai sanyi, yana neman ya riƙe jikinsa a tsakanin digiri 30 da 33. Za a yi wa tafkin zurfin mita ɗaya da rabi a tsakiya, a yi masa gangare ta kowane gefe, sannan a bar wani sashe mai zurfin santimita 30 kacal wanda rana za ta ɗumama da wuri.

Mun yi gardama a kan daɓe. Magini ya so ya zuba kwankare mai kaushi don kada ma'aikata su zame, ni kuwa na ƙi, saboda kaushin yakan goge tafin ƙafar kada da fatar cikinsa har su yi gyambo. Mun daidaita a kan laka da aka daddaɓe a ƙasan tafkin, siminti mai sulɓi kuma a bakin magudana kawai, wanda hakan ya zo mana da sauƙi ganin yadda farashin siminti ke hawa. Shingen ƙarfe masu walda na Panteka ne ke ƙera shi: tsayi mita 1.8, kansa a lanƙwashe zuwa ciki, gindinsa a binne santimita 60, domin kada yana tona ƙasa, ƙananan kuma suna hawa raga. Mangwaron ba za a sare shi ba, rassan gabas kawai za a rage.

17 ga Nuwamba, 2023

Tifa 6 ta yashin kogi ta iso, an tara shi a arewa maso gabas inda ruwan damina ba ya kwanciya. Amma abin da ya cinye mini mako shi ne ƙaramin kadan nan. Na lura bayansa ya ɗan karkace, haƙoransa sun baje waje, kuma da likitan dabbobi da muka gayyato daga Zariya ya danna muƙamuƙinsa, sai ya lotsa kamar roba. Ya tambayi abincinsa, Baba ya ce tsoka yake yanko masa daga kwata, ba ƙashi ba kitse.

"Baba, ai tsoka zalla ba abincin kada ba ce," in ji likitan. "Ƙashin da kuke cire masa, shi jikinsa yake nema."

"Likita, ni fa gata nake yi masa," in ji Baba, "na ga yaro ne."

Bayanin shi ne tsoka ba ta da sinadarin kalsiyam da ke gina ƙashi, ga kuma rashin rana a tsohon ramin, wadda ita ke taimaka wa jiki ya yi amfani da sinadarin. A daji kada yakan haɗiye kifi ko tsuntsu gaba ɗaya, ruwan cikinsa kuma yana da tsamin da ke narkar da ƙashi, har duwatsu ake samu a tumbinsa. Daga yau abinci ya koma tarwaɗa da karfasa da kaji, da ƙashinsu da kayan cikinsu. Likitan ya ja kunnenmu game da kifin da ya daɗe a ƙanƙara, domin dogaro da shi kaɗai yakan jawo ƙarancin bitamin B1 da E. Karkacewar bayan ba za ta miƙe ba, amma muƙamuƙin zai iya yin ƙwari.

6 ga Disamba, 2023

An kwashe kadojin zuwa sabon wuri. Mun hana su abinci kwana 7 kafin yau, don kada wani ya amayo abin da ke cikinsa alhali bakinsa a ɗaure, muka kuma rage ruwan ramin tun jiya har ya dawo iya idon sawu. Mun fara da asuba, lokacin da sanyi ya sa jikinsu ya yi nauyi.

Namijin ne ya ba mu aiki. An zura masa igiya a muƙamuƙin sama da doguwar gora, yana jin ta sai ya fara birgima, yana naɗe igiyar a bakinsa da kansa, jelarsa tana dukan bango har muna jin girgizar a ƙafafunmu. Muka bar shi ya yi ta yi har ya lafa, sannan Baba ya jefa masa jiƙaƙƙen buhu a fuska. Idon kada yana rufuwa, rabin faɗansa ya tafi. Mutum uku suka hau bayansa lokaci guda, ni kuma na haɗe bakin da hannu biyu na naɗe shi da robar tayar keke. Wanda bai sani ba zai yi mamakin yadda ɗan siririn roba ke riƙe bakin da ke iya fasa ƙashin saniya, amma ƙarfin kada duka a wajen rufe baki yake, naman da ke buɗe shi ba shi da wani ƙarfi. Mun auna shi: mita 2.6. Likitan ya duba mafitarsa da yatsa ya tabbatar namiji ne, ya duba sauran biyun ya tabbatar mata ne, domin ta waje ba a rarrabewa da tabbaci.

Abin da na fi tsoro shi ne tsawon kokawar. Idan kada ya daɗe yana fafutuka, wani tsami yakan taru a jininsa wanda ke iya kashe shi sa'o'i bayan an sake shi, shi ya sa na sa yaro ɗaya ya riƙe agogo. Daga jefa igiya zuwa kwance roba minti 24 muka ɗauka. Mun ajiye shi a kan yashi nesa da zurfin ruwa, don kada ya nutse cikin gajiya, ya yi kusan sa'a biyu bai motsa ba, sannan ya ja jiki ya shiga ruwa. Kuskure ɗaya aka yi: ƙaramar macen ta goge hancinta a bakin tsohon bango saboda mun ja igiya da wuri, kuma laifina ne, ni na ba da umarni.

11 ga Janairu, 2024

Hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari, kuma kwana 19 ke nan babu wanda ya taɓa abinci. Hankalin masu gandun ya tashi, har aka fara cewa sabon wurin ne bai karɓe su ba. Na kai musu littafin awo. Da asuba iska tana sauka digiri 14, ruwan gefe 17, tsakiyar tafki 21. Idan jikin kada ya yi sanyi haka, narkar da abinci takan tsaya, abin da ya ci sai ya ruɓe masa a ciki, saboda haka ƙin cin shi ne lafiyarsa. Babban kada yana iya yin watanni ba ci ba tare da ya galabaita ba. Na hana a ƙara jefa kaza a ruwa, domin ɓata mana ruwa kawai take yi.

Ga yadda suke wuni: dare a zurfin tafki, wajen ƙarfe 9 su fito kan yashi su jera bayansu ga rana, da azahar kuma ka gan su baki a hangame. Masu kallo sukan ce yunwa ce ko barazana, alhali yawanci sanyaya kai suke yi ta hanyar danshin baki. Ƙaramin kawai muka ware, muka yi masa akwati mai rufin leda da ke tara ɗumi, shi kuma yana ci. Da magariba jiya na ji namijin ya yi wani gurnani mai zurfi, ya daki ruwa da haɓarsa, ruwan da ke bayansa yana tsalle kamar ana tafasa shi, babbar macen kuma ta matso ta ɗaga hancinta sama. Neman aure ne.

25 ga Janairu, 2024

Mai fenti ya zo rubuta allo, sai maganar suna ta taso. Tsohon allon ya ce "Kadan Nilu", kuma haka aka daɗe ana kiran duk manyan kadojin Afirka, *Crocodylus niloticus*. Sai dai tun 1807 masanin Faransa Geoffroy Saint-Hilaire ya ce akwai wani iri dabam, ƙarami kuma mai sauƙin hali, ya sa masa suna *Crocodylus suchus*, amma aka yi watsi da maganarsa kusan shekara 200. A 2011 Evon Hekkala da abokan aikinta suka binciki ƙwayoyin halittar kadoji daga sassan Afirka, har da busassun gawarwakin kadojin da Misirawan dā suka adana, suka tabbatar iri biyu ne. Wani abin mamaki shi ne kadan Nilu ya fi kusanci da kadojin nahiyar Amurka a kan wannan maƙwabcin nasa. Kadojin Afirka ta Yamma a ƙarƙashin *suchus* suke, irin waɗanda ake girmamawa a Paga ta Ghana da Bazule ta Burkina Faso, da waɗanda suka rage a tafkunan duwatsun hamadar Muritaniya da Ennedi ta Chadi, inda wasu ke shiga kogo ko rami su kwanta har ruwa ya dawo. Namu daga kogunan nan aka kamo su, don haka na sa a rubuta "Kadan Afirka ta Yamma". Sauƙin halin da ake faɗa kuwa ban yarda a rubuta shi a allo ba. Wanda ya ga abin da namijin nan ya yi ranar 6 ga Disamba ba zai miƙa masa hannu ba.

A ƙasan allon za a ambaci sauran iri biyu da Nijeriya ke da su, don yaran makaranta: gajeren kada na dazuzzukan kudu, *Osteolaemus tetraspis*, wanda da ƙyar yake wuce mita ɗaya da rabi kuma ake yawan kamawa don nama, da mai siririn baki, *Mecistops cataphractus*, mai cin kifi, wanda ke gab da ƙarewa. Su biyun tarin ganye suke yi su sa ƙwai a ciki, ba sa tona yashi. Mai fenti ya so a zana Lolong, kadan ruwan gishiri da aka kama a Filifin a 2011 mai tsawon mita 6.17, na ce allon ba zai ɗauka ba. Gargaɗin da Baba ya ba da shawara shi aka rubuta da jan fenti: "Kada a jefi kada."

26 ga Fabrairu, 2024

Sun dawo cin abinci tun farkon wata, kuma shekaranjiya da dare babbar macen ta yi ƙwai. Mako guda ta yi tana gwada wurare, tana tona rami da ƙafafun baya ta bari, har ta zaɓi inda inuwar mangwaro ke kaiwa bayan azahar. Yau muka kulle ta a ɗaya ɓangaren da ƙofar tsakiya, wadda sai yau na san amfanin kuɗin da aka kashe mata, muka tona a hankali da hannu. A zurfin santimita 40 muka tarar da ƙwai 31, farare, masu ƙwarin ɓawo, kowanne ya kai girman na dinya. Guda 26 sun nuna farin zobe a tsakiya, alamar akwai ɗa.

Ƙwan kada ba a juya shi kamar na kaza. Cikin kwana ɗaya da yin sa ɗan yakan manne a saman ɓawon ta ciki, in aka kife shi sai ya mutu, saboda haka kowanne sai da muka yi masa alama da fensir kafin a ɗaga. Mun ɗauki 13 muka sa a akwatin sanyaya lemo cike da yashin gurbin mai danshi, muka bar wa uwar sauran.

Dalilin rabawar shi ne zafi. Kada ba ya gadon zama namiji ko mace daga iyaye. Zafin gurbi a tsakiyar lokacin kwanci ne ke yankewa. A binciken da aka yi kan kadan Nilu, tsakanin digiri 32 da 34 galibi maza ake samu, ƙasa da 31 mata, idan kuma zafi ya haura haka sosai sai mace-mace da nakasa su yi yawa. Na fi son mata, domin maza biyu manya ba sa zama tafki ɗaya, don haka akwatin za mu riƙe shi a digiri 30 zuwa 31.

21 ga Maris, 2024

Na shirya wa sanyi, ashe zafi ne zai ba ni wahala. Bazara ta shigo tare da azumi, ɗakin da akwatin yake ya kai digiri 37 da la'asar, kuma ranar 15 ga wata aka ɗauke wuta wuni guda, fanka ta tsaya, yashin ya haura 35 na wasu sa'o'i. Mun mayar da akwatin tsohon ɗakin ƙasa na mai gadi, muka ɗora shi kusa da randa, muka rufa masa jiƙaƙƙen buhu da ake sake jiƙawa sau uku a rana. Tun daga nan bai wuce 31.5 ba. Ƙwai biyu sun yi baƙi sun fara wari, mun cire su. Gurbin uwar kuwa, wanda babu fanka babu randa, ma'aunin da muka binne a ciki yana tsakanin 31 da 33 dare da rana.

13 ga Afrilu, 2024

Kwana uku na bukin Sallah, jama'a sun cika gandun. Shinge na biyu da ya raba masu kallo da raga ya yi aikinsa, amma duk da jan fenti mun kwashe duwatsu da robobin ruwa cike da bokiti biyu. Uwar ba ta bar gurbinta ba, ta rame, sau ɗaya kawai ta ci abinci cikin wata. Wata baiwar Allah ta zo da gudu ta ce namijin ya nutse ya mutu. Na ce mata, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, hutawa yake yi." Kada yana rage bugun zuciyarsa ƙwarai idan ya nutse, kuma in ba ya motsi yakan wuce sa'a guda a ƙasa. Ta tsaya har ya ɓullo da hancinsa kafin ta yarda.

2 ga Mayu, 2024

Tsari ya shigo ta magudana da tsakar rana lokacin da uwar ta shiga ruwa, ya tone gefen gurbin ya sha ƙwai huɗu. Ba mu sa raga a bakin magudanar ba, mantuwa ce tun daga zane. An sa yau.

23 ga Mayu, 2024

Jiya da hantsi, kwana 88 da yin ƙwan, Baba ya kira ni ya ce in kasa kunne. Daga ƙarƙashin yashi wani ɗan kuka ke fitowa, siriri, kamar na 'yan kwikwiyo daga nesa. Uwar ta ji kafin mu. Ta tone gurbin da ƙafafun gaba, ta sunkuyar da kai gefe, ta riƙa ɗaukar 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya tana tara su a cikin jakar da ke ƙasan bakinta, har ana hango kawunansu ta tsakanin haƙora. Wani ƙwai da bai fashe ba ta ɗauke shi ta murza tsakanin harshe da ganda a hankali har ya buɗe. Wani sabon ma'aikaci ya ɗaga sanda yana cewa cinye su take yi, Baba ya riƙe masa hannu ya ce, "Yaro, tsaya ka ga ikon Allah." Ta kai su ruwan gefe ta buɗe baki, suka fito suna iyo. Takwas muka ƙirga.

Na akwatin sun fara fasa ɓawo yau, da ɗan tsinin da ke kan hancinsu wanda zai faɗi nan da kwanaki. Zuwa magariba 7 sun fito, tsawonsu tsakanin santimita 27 da 30, cikinsu a kumbure da sauran gwaiduwa, wadda za ta riƙe su kwanaki kafin su nemi abinci. Ɗaya ya fito da lanƙwasasshiyar jela, kuma ina zargin zafin 15 ga Maris. Ƙwai huɗu shiru tukuna.

20 ga Yuni, 2024

Daga cikin huɗun nan biyu sun ƙyanƙyashe, biyu muka buɗe muka tarar sun mutu tun da nisa. Na wajen uwa sun koma 6: shirwa ta ɗauki ɗaya a gaban idon mai gadi, ɗayan kuma ba mu ga ko alamarsa ba, muna zargin namijin. Mun kwashe su duka zuwa ƙaramin kwami mai rufin raga, jimilla 15, muka rataya fitila mai aiki da hasken rana a saman ruwan, ƙwari na faɗowa da dare suna cafkewa, muna ƙara musu da fara da yankakken kifi da ƙashinsa. Mai lanƙwasasshiyar jela yana ci, sai dai iyo yana ba shi wuya, don haka an ware shi da ƙananan guda uku. Ƙaramin nan na masunta ya ƙaru da santimita 9 tun Nuwamba, muƙamuƙinsa kuma ya daina lotsawa.

Mutum biyu sun riga sun zo tambayar ko za a sayar musu, na ce a'a. Kada yana ƙarƙashin dokar kare namun daji masu fuskantar ƙarewa ta 1985 da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin namun daji, wato CITES, saboda haka na rubuta takardar sanar da hukuma yawan abin da aka ƙyanƙyashe, ina jiran a zo a duba. Tantance maza da mata sai sun ƙara girma. Damina ta zauna, ruwan shekaranjiya ya zaizaye gefen kudu na tafkin har gindin shinge ya fara bayyana, kuma kwamin 'ya'yan ba zai ɗauke su fiye da wata shida ba. Magini zai zo ranar 24 ga wata ya auna wurin tafki na biyu, a bayan mangwaro.